Mai Jinya Ma Yana Cikin Masu Aikin: Yadda Haɗin Kai Ke Rage Kuskure A Asibiti

Ku ƙirga hannayen da yaro mai zazzaɓi ke bi ta cikinsu, daga lokacin da uwarsa ta goyo shi zuwa asibitin sansani har ta koma da shi gida. Akwai mai rubuta suna a bakin ƙofa. Akwai wanda zai ɗora shi a sikeli, ya auna zafin jikinsa. Akwai nas ko likitan da zai duba shi, da tafinta idan harshe bai zo ɗaya ba, da mai ɗiban jini a ɗan yatsa, da mai ba da magani a taga. Mutum shida ke nan, ba a sa uwar ba, alhali ita ce za ta riƙa ba da maganin safe da dare a cikin ɗakinta, inda babu likita babu nas. Idan ciwon ya yi tsanani aka tura yaron babban asibitin gari, hannayen sun ninka.

Duk inda bayani ya tashi daga wani hannu zuwa wani, yana iya zubewa a hanya. A rubuta kilo 8 wani ya karanta 18. A kira suna, wata mai irin sunan ta amsa. A ce "sau biyu a rana", mutum ya ji "biyu-biyu". Yawancin kurakuran da ke faruwa a asibiti irin waɗannan ne, kuma mutanen kirki ne masu ƙoƙari ke yin su, sakamakon gajiya, da yawan jama'a a layi, da hayaniya, da bambancin harshe.

Matsalar ba ta sansani kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin kowane marasa lafiya 10 yana cutuwa a yayin da ake yi masa magani, kuma fiye da mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara saboda kulawar da ba ta da aminci. Ta ce fiye da rabin wannan cutuwa ana iya kauce mata, kuma rabin wadda ake iya kauce wa ɗin ta shafi magunguna ne. Shi ya sa a shekarar 2019 ƙasashen duniya suka ware ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara don tunawa da kare lafiyar majinyata. Mun kawo waɗannan alƙaluma don ku san abin da ma'aikatan lafiya ke fama da shi, kada wani ya ji tsoron zuwa asibiti. Yaron da aka bari a gida da zazzaɓin cizon sauro ya fi shiga haɗari nesa ba kusa ba.

Abin da aka koya daga jirgin sama da ɗakin tiyata

A ranar 27 ga Maris 1977, manyan jiragen sama biyu suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka mutu. Da aka saurari abin da na'ura ta naɗa, sai aka ji ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin da ke shirin tashi ya tambayi babban matuƙi ko ɗaya jirgin ya riga ya kauce daga hanya. Babban ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, ya ci gaba da gudu. Ƙaramin ma'aikacin ya yi shiru. Bayan wannan hatsari da wasu irinsa ne kamfanonin jiragen sama suka fara horar da ma'aikatansu cewa na ƙasa yana da haƙƙin dakatar da na sama idan ya hango haɗari, kuma dole na sama ya saurara. Daga baya asibitoci suka ari wannan darasi.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa da ƙarfi a ɗakin tiyata, sau uku: kafin a sa mara lafiya barci, kafin a fara yanka, da kafin a fitar da shi. Kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. A tabbatar da sunan mara lafiya, da aikin da za a yi masa, da ɓangaren jikin da za a yi wa, dama ko hagu. A tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ko ana tsoron zai zubar da jini da yawa. A ƙarshe a ƙirga allurai da almakashi da audugar da aka yi amfani da su, kada a ɗinke mutum da wani abu a cikinsa. An gwada takardar a asibitoci takwas a ƙasashe takwas, har da wani asibitin karkara a Ifakara ta ƙasar Tanzaniya. Sakamakon da aka fitar a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsaloli masu tsanani kuma daga kashi 11 zuwa 7. Ba a kawo sabuwar na'ura ba, ba a kawo sabon magani ba. An dai sa mutane su tsaya su yi magana da juna na 'yan mintoci.

Don haka idan an kai ku asibitin gari don haihuwa ta tiyata ko aikin ƙaba, kuka ga mutum uku sun tambaye ku suna ɗaya bayan ɗaya, kada ku ɗauka ba su san aikinsu ba. Aikin ne suke yi yadda ya kamata.

Suna, da kati, da alkunya

A nan ne muka fi son ku ba da hankalinku, domin a nan ne kuskure ya fi sauƙin faruwa a wurinmu. A layi ɗaya na masu awo ana iya samun Aisha Muhammadu uku da Falmata Modu biyu. Ga tagwaye, Hassan da Husaini, kama ɗaya, uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, amma ɗaya ne ke da ciwon, ko kuwa ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ga kuma mutane da yawa da aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa lokacin rajista, saboda ba a san ainihin ranar ba. Wannan ya sa ranar haihuwa ba ta isa ta raba mutum biyu masu suna ɗaya ba. Ƙa'idar aikin lafiya ita ce a gane mara lafiya da abu biyu aƙalla, kamar cikakken suna da lambar kati. Lambar gado ba ta cikin lissafi, domin ana canza wa mutane gado.

Sai batun alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, wasu kuma ba sa furta sunan yaron da aka sa wa sunan suruki ko kaka. Al'ada ce mai kyau, ba mai cewa a bar ta. Amma idan nas ta tambaya "Yaya sunansa?" kika ce "Abba" ko "Babangida", alhali a kati Usmanu aka rubuta, to an buɗe ƙofar ruɗani. Idan bakinki ba zai iya faɗa ba, miƙa katin, ki ce: "Malama, ɗan fari ne, ga sunan a rubuce, karanta in ji." Ta karanta, ke kuma ki tabbatar. Ko ki sa wadda ta rako ki ta faɗa. Kuma idan aka kira suna daga nesa cikin hayaniya, kada ku karɓi magani ko takardar gwaji sai an sake duba lambar katinku.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari, wato shiga asibiti da katin wani. Mun san dalilan da ke sa a yi: kati ya ɓace, ko baƙo ya zo daga gari ba shi da rajista, ko ana tsoron a kore shi. To amma a cikin katin nan akwai tarihin mai shi: nauyinsa, rukunin jininsa, magungunan da yake sha, da wanda jikinsa ba ya so. Jinin mutane rukuni huɗu ne manya, A da B da AB da O, kuma idan aka ƙara wa mutum jinin da bai dace da nasa ba yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Wanda ya ara wa ɗan'uwansa kati ya cuci su biyun, domin abin da aka rubuta yau zai ɓata tarihin mai katin gobe. Idan kati ya ɓace, ku faɗa a wurin rajistar asibiti. Mara lafiyar da ke cikin halin gaggawa duba shi ake yi tukuna, maganar takarda ta biyo baya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Likita yana iya auna zafin jiki, ya gwada jini, ya saurari ƙirji. Amma ba shi da na'urar da za ta gaya masa abin da aka ba yaro jiya da daddare. Mai jinya ne kaɗai ya sani. Idan an ba shi jiƙo ko sassaƙe ko rubutu, ku faɗa. Idan an sayi ƙwaya a hannun mai talla a kasuwa, ku zo da kwalin ko ledar. Idan wanzami ya cire masa beli ko ya yi masa tsaga, ku faɗa, domin wannan na iya zama dalilin ƙarancin jini ko zazzaɓin da ake nema. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai tsaya yi muku faɗa ba, bayanin yake buƙata.

Ga misali ɗaya da ke yawan faruwa. Da yawa daga cikin magungunan mura da ciwon jiki da ake sayarwa a kasuwa akwai farasitamol a cikinsu, ko da sunan da ke jikin kwalin daban ne. Idan uwa ta ba yaro irin wannan da safe ba ta faɗa ba, asibiti kuma ya ba shi farasitamol, ta koma gida tana haɗa masa duka biyun, to yana shan ninki, kuma yawan farasitamol yana lalata hanta. Dangane da maganin talla kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Ko mai kyau ne, yinin da yake yi a rana a kan faranti ya isa ya rage masa ƙarfi.

Abubuwan da ya kamata ku faɗa ko ba a tambaye ku ba su ne: idan mace tana da ciki ko tana zaton tana da shi, ko tana shayarwa, idan wani magani ya taɓa sa muku ƙuraje, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, idan akwai sikila, hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya ko asma, idan kuna shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda ke jin nauyin faɗar wani abu a gaban jama'a yana da haƙƙin ya ce yana son magana a keɓe, kuma sirrin mara lafiya amana ce a wuyan ma'aikaci. Mai niyyar azumi ma ya faɗa tun a ɗakin likita, a tsara masa lokutan shan magani, maimakon ya je gida ya haɗe na rana da na dare a lokacin buɗa baki.

Tafinta

Mafi yawanmu mun fito daga inda takardun asibiti ke cikin Turanci, mun zo inda ake rubuta su da Faransanci. Haka abin yake a Minawao ta Kamaru, da Sayam Forage ta jihar Diffa a Nijar, da Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi. Ga Hausa, ga Kanuri, ga Fulatanci, ga harsunan mutanen duwatsun Gwoza. Wani yana jin Hausar kasuwa amma ba ya iya bayyana irin ciwon da ke cikinsa da ita. Idan ba ku gane ba, ku nemi tafinta, kada ku ɗaga kai kuna "to, to" don kunya. Kada kuma a sa ƙaramin yaro ya yi wa uwarsa tafinta kan ciwon mata ko wani mummunan labari: zai rage abin da ya ji nauyinsa, zai kuma ɗauki abin da ya fi ƙarfin shekarunsa. Mace tana iya neman tafinta mace idan akwai.

A tagar magani

Mai ba da magani shi ne ido na ƙarshe a cikin asibiti, ku kuma ne ido na ƙarshe gaba ɗaya. Kada ku bar tagar sai kun san abu huɗu game da kowane magani: na mene ne, guda nawa za a sha, sau nawa a rana, kwana nawa. Hanya mafi kyau ita ce ku maimaita da bakinku. "Malam, bari in faɗa ka ji ko na gane. Wannan na zazzaɓi ne, ƙwaya biyu da safe, biyu da dare, kwana uku." Idan akwai kuskure a nan zai fito. Ma'aikatan kansu haka aka koya musu su yi a tsakaninsu: idan likita ya ba da umarni da baki, nas ta maimaita sunan maganin da yawansa kafin ta zuƙa a sirinji. Wanda ba ya karatu ya roƙi a yi masa zane a jikin leda, rana don safiya, wata don dare, da ɗigo-ɗigo na yawan ƙwaya. Idan yara biyu aka kawo, a raba ledojinsu tun a wurin, a ɗaura wa ɗaya zare ko tsumma.

Maganin yara da nauyi ake ba da shi. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa, wanda mutane da yawa suka sani da Coartem. Ana shan sa sau shida cikin kwana uku. Yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha kowane lokaci, mai 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga kilo 35 zuwa sama huɗu. Kun ga ke nan idan an yi kuskure a sikeli, an yi kuskure a magani. Don haka ki tambaya a gaya miki kilon ɗanki, ki riƙe a kai. Idan watan jiya kilo 9 ne, yau kika ji an ce 19, ki yi magana. Maganin nan ya fi shiga jiki idan aka sha shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo. Sau da yawa zazzaɓin kan sauka a rana ta biyu, sai uwa ta ɓoye ragowar don ƙaninsa. Wannan shi ke dawo da ciwon, ƙanin kuma ya sami rabin magani. Idan yaro ya amayar da maganin jim kaɗan bayan ya sha, a koma a faɗa.

Haka gishirin gudawa. Akwai ƙunshin da ake haɗawa da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, akwai na rabin lita, saboda haka ku tambayi wanne aka ba ku, a kuma nuna muku mazubin da ya kai awon. Idan ruwan ya yi kaɗan, gishirin ya yi yawa, zai ƙara wa yaron wahala. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya wuce awa 24, a zubar a haɗa sabo. Ƙwayar zinc da ake haɗawa da shi kwana 10 zuwa 14 ake sha, ko da gudawar ta tsaya.

Da damina kuma akwai maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata. Wannan aikin haɗin gwiwa ne ƙarara: ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, uwa ce ke ba da na rana ta biyu da ta uku. Idan yaron ba shi da lafiya a ranar, ko yana shan Septrin, ko irin wannan magani ya taɓa sa masa ƙuraje, a gaya wa ma'aikacin kafin ya ba shi.

Wani abu da ya kamata a faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba: mutanenmu na son allura. Wani idan ba a yi masa ita ba gani yake ba a duba shi ba. Alhali yawancin cututtukan da ake zuwa da su ƙwaya ko ruwan magani na warkar da su, kuma kowace allura na ɗauke da nata haɗarin. Idan ta zama dole, ku duba ku ga an ɓare sabon sirinji a gabanku. Mai yin allura a gida da sirinji ɗaya yana iya raba wa unguwa guda ciwon hanta.

Idan an kwantar da naku

Lokaci mafi rauni a ɗakin kwanciya shi ne lokacin da masu aikin rana ke miƙa wa masu aikin dare, da lokacin da ake ɗaukar mara lafiya daga wani asibiti zuwa wani. Wani bincike da aka fitar a 2014 daga asibitocin yara tara a Amurka da Kanada ya nuna cewa da aka koya wa likitoci miƙa aiki bisa tsari ɗaya, wanda ya karɓa kuma ya maimaita abin da ya ji, kurakurai sun ragu da kashi 23 cikin ɗari. Ma'aikata suna canzawa, mai jinya kuwa yana nan a gefen gado dare da rana. Shi ya san ƙarfe nawa aka yi allurar ƙarshe, ko an ci abinci, ko an yi fitsari. Idan wata nas ta zo da allura alhali yanzun nan wata ta yi, ki ce: "Malama, ki yi haƙuri, bayan la'asar an yi masa ɗaya, ko wannan daban ce?" Idan launin ƙwayar ya canza, ki tambaya. Wataƙila kamfanin da ya yi ta ne daban, wataƙila kuma ta mai gadon kusa ce. Kada ku taɓa maƙunnin ƙarin ruwa don ya yi sauri ya ƙare, domin ruwa mai yawa cikin gaggawa yana cika huhun ƙaramin yaro, musamman mai tamowa. Idan ana ƙarin jini mara lafiya ya fara rawar sanyi, ko ciwon baya, ko numfashi ya sarƙe, a kira ma'aikaci nan take.

Idan aka tura ku asibitin gari, takardar da aka ba ku ita ce bakin likitan sansani a can. Ku sa ta a leda, ku haɗa da duk magungunan da ake sha. Ranar sallama kada ku fito sai da takardar da ke bayyana abin da aka yi da abin da za a ci gaba da yi, ku kawo ta asibitin sansani ko da kun ji sauƙi. Mai ciki kuma katin awonta ya zama yana kusa da ita kullum, ta kuma faɗa idan an taɓa yi mata tiyata a haihuwar baya ko ta taɓa zubar da jini da yawa. Bayan haihuwa a daure a kwana a asibiti, awa 24 aƙalla, domin a cikinsu ne zubar jini ta fi kashe mata.

Idan kun ga jiki na ƙara tsanani

A 2021 wata yarinya 'yar shekara 13 mai suna Martha Mills ta rasu a wani asibiti a Landan, bayan ta faɗi daga keke ta ji rauni a ciki, ƙwayoyin cuta suka shiga jininta. Iyayenta sun yi ta faɗin cewa jikinta na ƙara lalacewa, ba a ɗauki maganarsu da nauyin da ya kamata ba. Binciken da aka yi ya nuna da an kai ta sashen kulawa ta musamman da wuri, mai yiwuwa da ta rayu. Iyayen suka dage, har a 2024 asibitocin Ingila suka fara aiki da wani tsari mai ɗauke da sunanta, wanda ya ba dangi damar kiran wasu ma'aikata daban su zo su sake duba mara lafiya idan suna ganin ba a saurare su ba. Idan haka na iya faruwa a asibitin da ke da kowace irin na'ura, to ko'ina ana buƙatar idon uwa.

Ku san alamun da ba a jira da su. Ga yaro: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da komai, yana jijjiga, barci ya yi masa nauyi har ba ya farkawa da kyau, numfashi na sauri ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, tafin hannu ya yi fari fat. Ga mai ciki ko mai jego: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, ko ɗa ya daina motsi. Wanda ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan kada ya zauna a ƙarshen layi, ya faɗa a bakin ƙofa. Sauran jama'a kuma ku ba da hanya. Idan kun ga an shigar da wanda ya zo bayanku, yawanci tantancewa ce aka yi bisa tsananin ciwo.

Wajen faɗa, ku faɗi abin da ya canza da lokacin da ya canza. "Jikinsa ba daɗi" ba ta kai "tun azahar bai sha nono ba, kuma numfashinsa ya fi na safe sauri" ba. Idan an ce ku jira, kuka ga abin na ƙaruwa, ku sake faɗa. Idan har yanzu ba a zo ba, ku nemi shugaban masu aikin lokacin. Girmama likita wajibi ne, amma shiru a irin wannan hali ba ladabi ba ne. Zagi da ɗaga murya kuma ba sa kawo taimako da sauri, sai dai su raba hankalin ma'aikacin da ke kan ceton wani.

Idan kuskure ya riga ya faru

Ku kawo rahoto, ko da bai cutar da kowa ba. A ce an ba ki ledar maganin wata, kika gane kafin ki sha. Idan kika mayar kika yi shiru, gobe zai faru ga wadda ba za ta gane ba. Idan kika faɗa, ma'aikata za su zauna su duba inda tsarin ya yoye: ko rubutun ne ba ya karantuwa, ko kwalaye biyu masu kama aka ajiye wuri ɗaya, ko mutum ɗaya aka bar wa aikin mutum uku. Inda ake korar duk wanda ya yi kuskure, ma'aikata ɓoyewa suke koya, kuskuren kuma ya ci gaba. Sakaci da gangan, ko wulaƙanci, ko neman kuɗi ko wani abu a madadin magani, wannan kuma laifi ne daban, kuma akwai hukuncinsa.

Kuna da haƙƙin a yi muku bayanin abin da ya faru cikin harshen da kuke ji. Kuna iya kai maganar ga shugaban asibiti, ko ma'aikatan lafiya masu zagaya unguwanni, ko wakilanku a kwamitin lafiya, ko ku sa a akwatin ƙorafi. Wanda ba ya rubutu ya sami wanda ya amince da shi ya rubuta masa, ko ya faɗa da baki a ofishin kula da kariya. Ku ambaci ranar, da lokacin, da ɗakin da abin ya faru, ku kuma ajiye ledar maganin ko kwalinsa. Kai ƙorafi ba ya taɓa rajistarku, ba ya taɓa rabon abincinku, kuma ba ya hana a duba ku idan kun sake zuwa asibiti.